Ta yaya ake gano ɗabi'un Bahaushe a cikin waƙa da wasa da gini?

Ɗalibar Adabi

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Ina neman haske a kan kundin kammala digiri. Batun shi ne yadda fasahar Hausawa take bayyana halayen da al'umma ke darajawa. Tsarin da aka saba gani a kundaye shi ne a buɗe babi, a sa kan magana "Haƙuri", a kawo baiti biyu da kalmar haƙuri ta fito a cikinsu, a wuce zuwa "Gaskiya", a yi ta haka har babi ya ƙare. Wannan bai gamsar da ni ba, domin ƙamus ma zai iya yin wannan aikin. Abin da nake so in sani: wace fasaha ta fi dacewa a ɗauka, misalai nawa suka isa, kuma ta yaya mai nazari zai tabbatar ɗabi'ar tana cikin aikin da gaske, ba shi ne ya ɗora masa ita ba? Allah ya saka da alheri.

Bagobiri

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Wannan jeri da kike gani yana da asali. A 1974 aka buga laccar da Baturen nan Kirk-Greene ya gabatar a Jami'ar Indiyana ta Amurka a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, inda ya kawo halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ɗalibai da yawa sun mayar da goman nan kanun babi. Ki san su, ki ambace su a shimfiɗa, amma kada ki shiga waƙa riƙe da su kina neman inda za ki rataya kowanne, domin abin da kika shiga nema shi kaɗai za ki gani.

Shawarata ki ɗauki waƙar baka, ki tsaya a kan makaɗi ɗaya ko rukuni ɗaya. Kayan kiɗan ma sun riga sun raba miki jama'a: kotso da taushi da jauje na fada ne, kalangu asalinsa na mahauta ne kafin ya zama na kowa, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, komo na maharba. Kowane rukuni da abin da yake ɗauka shi ne cikar mutum. Idan kika cusa Narambaɗa da Ɗan Anace da Barmani Coge a babi ɗaya, kin haɗa fada da fagen dambe da gidan biki, alhali kalmar "namiji" kaɗai ma'anarta daban ce a kowane ɗaya daga wuraren nan uku.

Waƙoƙi 10 zuwa 12 sun isa kundin digirin farko. Amma aƙalla uku daga cikinsu ki samo su a ɗauka biyu daban-daban, misali wadda aka ɗauka a gidan rediyo da wadda aka ɗauka a gaban sarki ko wurin biki. Ba a rera waƙar baka iri ɗaya sau biyu. Gindin waƙa, wato amshin da ake maimaitawa, yana nan daram, wasu ɗiya, wato baitukan waƙar, ba sa taɓa faɗuwa, wasu kuwa ranar aka haife su saboda wani mai hannu da shuni ya shigo fage. Ɗiyan da suka tsaya a kowace ɗauka su ne maganar da makaɗin ya riƙe da gaske, a kansu za ki kafa hujja. Na rana ɗaya kuwa su ma ki ajiye su, za su nuna miki yadda roƙo yake aiki.

Kwafe waƙa daga kaset ko waya zuwa takarda aiki ne mai cin rai. Minti 10 na waƙar fada zai iya cinye miki awa 3, saboda haka makonni za ki ware masa. Ki rubuta yadda aka faɗa. Idan makaɗin Basakkwace ne ko Bazamfare, "sunka" da "anka" da "shina" su zauna yadda suke. Mayar da su daidaitacciyar Hausa yana karya awon waƙar, wani lokaci ma'anar ma ta kauce. Ki raba abin da jagora ya faɗa da abin da 'yan amshi suka faɗa, domin a waƙoƙin kotso jagora kan fara magana ya sake ta su ƙarasa, kuma wani lokaci kalmar da ta fi zafi daga bakinsu take faɗowa. Duk kalmar da ba ki ji sosai ba, ki bar gurbinta ki kai wa dattijon da ya san karin harshen. Cike gurbi da zato shi ne ya sa ake samun baituka marasa kan gado a wasu kundaye, aka kuma gina sharhi mai tsawo a kansu.

Bayan kin fitar da turke, wato babban saƙon waƙar, da tubalansa, wato ƙananan saƙonnin da suka gina shi, yadda aka koya muku, ki koma kan kowane ɗa ki tambaye shi: wa aka ɗaga, da me aka ɗaga shi? Wa aka kayar, da me aka kayar da shi? A nan aikin yake. Yabo yana da arha, kowane sarki a bakin makaɗinsa jarumi ne, ɗan asali, mai kyauta. Zambo da habaici ne ke tona abin da mutane ke ƙyama, domin makaɗi ba ya ɓata bakinsa a kan aibin da ba zai motsa fada ba. Ki kuma bambanta su. Zambo yana siffanta mutum ƙiri-ƙiri, tsayinsa da tafiyarsa da naɗin rawaninsa, har wanda ya san shi ya gane shi ko ba a kira suna ba. Habaici kuwa a lulluɓe yake, mai kaza a aljihu ne kawai ba ya jimirin as. Wanda ake yi wa a fada galibi ɗan sarki ne da ya nemi gadon sarauta bai samu ba, ko bafaden da ake zargi da fuska biyu. Ki tara aibobin da aka jefe su da su: rowa, raki, gaggawar neman mulki, kwaɗayi, haƙa wa ɗan'uwa rami. Ki juya kowanne, ɗabi'ar da kike nema ta fito da hujjarta, ko da kalmar "amana" ba ta fito ko sau ɗaya ba a waƙar.

Haka ma dabbobi. Ki ƙirga su waƙa bayan waƙa: giwa, zaki, ɓauna da bajimi a gefe guda, kura, biri, jaki da kare a ɗaya gefen. Kada ki tsaya a cewa giwa na nufin ƙarfi. Ki duba me aka ce tana yi a baitin. Sau da yawa abin da ake yabo shi ne nauyinta da rashin gaggawarta da yadda haushin kare ba ya juyo da ita, wato kawaici da haƙurin mai iko, wanda ya bambanta da haƙurin talaka da ba shi da yadda zai yi.

Kuskure mafi girma shi ne ɗaukar yabo a matsayin tarihi. Idan makaɗi ya kira ubangidansa mai kyauta a bainar jama'a, ɗaure shi yake yi, ya kafa masa mizanin da in ya kasa cikawa kowa zai gani. Tun a 1957 M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya yi rubutu a kan yadda roƙo yake riƙe da tsarin daraja a tsakanin Hausawa. Don haka a ƙarƙashin kowace waƙa ki rubuta wa aka yi wa, a gaban wa, kuma me ake sa ran zai fito, riga ce ko doki ko mota ko kujerar Makka.

Ɗalibar Adabi

Allah ya ƙara sani, malam, na fahimta sosai. Sai dai akwai waƙoƙin da ke kambama abin da ba ya cikin halayen kirki ko kaɗan, kamar na 'yan tauri da 'yan dambe, har ma da na ɓarayi. In tsallake su ne tunda batuna kyawawan ɗabi'u ne?

Bakatsiniya

Kada ki tsallake su, 'yar uwa. Idan kika yi haka kin rubuta wa'azi, alhali nazari aka sa ki. Abin da ya sa ake karanta fasaha a jami'a tare da tarihi da falsafa shi ne a nan ake ganin al'umma tana gardama da kanta a kan wane ne mutum.

Ɗauki waƙoƙin maza. Kassu Zurmi da Ɗan Anace suna zuga mutumin da ba ya ja da baya, wanda ba ya yafe raini, wanda mutuwa a fage ta fi masa gudu. Wannan ya yi hannun riga da haƙurin da ake koya wa yaro a gida, amma mutanen gari ɗaya ne ke sauraron duka biyun. Tambayar da za ki amsa ita ce a wane fage ake son wanne. Ko a waƙoƙin Gambu mai waƙar ɓarayi, ki lura da abin da ake yabon ɓarawon da shi: rashin tsoro, riƙe sirrin abokin tafiya, sakin hannu ga makaɗi. Wato amana da karamci ne aka ɗauko aka kai su inda ba nasu ba. Bayyana haka a kundi ba goyon bayan sata ba ne. Hujja ce mai ƙarfi cewa halayen nan sun yi zurfin da ko mai karya doka da su yake neman a auna shi.

Akwai kuma saɓani tsakanin malamai da makaɗa, wanda ya daɗe. A littafinsa Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa shagaltuwa da kiɗe-kiɗe ba bisa wata bukata ta shari'a ba cikin al'adun sarakunan da yake suka, amma bayan jihadin 1804 fadoji ba su rabu da makaɗa ba. A ɓangare guda kuma Nana Asma'u ta yi amfani da rubutacciyar waƙa wajen karantar da mata ta hannun jaji-jaji, wato matan da ke jagorantar ƙungiyar 'Yan Taru. Saboda haka idan kika ga kalma ɗaya a bakin malami da bakin makaɗi, kada ki ɗauka abu ɗaya suke nufi. Karamci a wurin makaɗi ya haɗa da yi wa maroƙi kyauta a gaban jama'a. A waƙar wa'azi kuwa zakka ce da sadaka da ciyar da baƙo, kuma wancan liƙi na fage ana iya kiran sa almubazzaranci. Shafi biyu da kika kwatanta waɗannan ma'anoni sun fi babi guda na jeri amfani.

Sannan don Allah kada ki manta da muryar mata, domin a nan ne kunya take nuna kanta ta hanyar abin da ba a faɗa ba. A al'adance, mace ba ta kiran sunan mijinta ko ɗanta na fari, sai ta sakaya. A waƙoƙin daka da niƙa da daɓe, abin da kunya ta hana ta faɗa wa uwar miji ko kishiya ido da ido, shi take zubawa cikin habaici, a kan karin taɓarya, kowa na ji, ba kuma wanda zai ce ta yi rashin ladabi. Idan za ki ɗauki irin waɗannan, ki rubuta su wa ke tsakar gidan lokacin da ake rerawa, domin habaicin da aka yi kishiya na zaune daban yake da wanda aka yi bayan ta fita. Matsalar da za ki gamu da ita ita ce injin niƙa ya kashe yawancin wuraren rera su, don haka galibi tsofaffi ne za su tuno miki a zaune. Ki faɗi haka a fili a kundin, cewa tunowa ce aka yi, ba a bakin aiki kika ɗauka ba. A kiɗan amada kuwa, irin na Barmani Coge, za ki tarar ana zuga mace ta kama sana'a, ana kushe mai zaman jiran miji. Shi ma Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ya ba leburori da yaran mota mutuncin da fada ba ta ba su ba.

Bakano

Malamai sun yi bayani mai gamsarwa a kan waƙa. Ƙanwata, idan lokacin bincikenki zai haɗa da watan azumi, ki duba tashe, domin a nan za ki ga ɗabi'a da idonki tana tafiya a kan titi.

Ana fara shi ne daga goma ga wata, da dare bayan an sha ruwa, a yi kamar kwana goma. Dararen ba su da yawa, don haka duk shiri ki gama shi tun a watan Sha'aban: ki gaida mai unguwa, ki nemi izinin iyayen yaran, ki zaɓi unguwa biyu, ɗaya a cikin birni ɗaya a ƙauye ko bayan gari, don ki samu abin kwatantawa. Wasanni 6 zuwa 8 sun isa.

A kowane wasa ki rubuta kayan shigar dalla-dalla, domin rabin saƙon yana jikinsu. A "Tsoho da gemu", yaro ne da gemun auduga da sanda yana rangaji, abokansa na nema masa taimako, jama'a na bayarwa. A "Ka yi rawa kai malam", an yi wa yaro shigar malami da allo da buzu, yana musun ya yi rawa alhali ƙafarsa na motsi. Wannan suka ce ga mai faɗin abin da ba ya aikatawa, kuma yara ne ke yi wa manya ita, abin da ba zai yiwu ba a sauran watanni goma sha ɗaya. 'Yan mata na yin "Ga Mairama ga Daudu" su kwaikwayi zaman miji da mata. A Kano kuma ga tashen gwauro na Nalako, inda ake tsokanar wanda ya zauna ba aure. Ki lura cewa wannan na ƙarshe yana nuna darajar aure, yana kuma nuna yadda jama'a ke matsa wa wanda ya fita daga sahu. Duka biyun ki rubuta.

Abubuwan da ke lalata wannan aiki sanannu ne. Da yara sun ga waya a ɗage sai su bar mutanen gidan su koma yi wa kyamara wasa, su gajarta waƙa su tsawaita rawa. Maganinsa ki bi ƙungiya ɗaya dare biyu ko uku har su saba da ke, kuma ki tsaya a gefe, ba a gabansu ba. Kada ki ba su kuɗi kafin su fara. Duhu da ƙarar janareto na cinye hoto da murya, don haka waya ɗaya ta ɗauki hoto, wata ta matsa kusa ta ɗauki murya kaɗai. Mafi muhimmanci, ki ɗauki masu kallo. Inda aka fashe da dariya, inda tsohuwa ta ce "Allah ya shirye ku" tana murmushi, gidan da aka ba da hatsi ko kuɗi da gidan da aka kore su, wannan shi ne shaidarki cewa saƙon ya isa ko bai isa ba. Ma'anar wasa kuwa kada ki tambayi yaran, gadonsa suka yi. Washegari da hantsi ki koma wurin tsofaffin gidan, ki kuma tambayi matasa daban, za ki ga inda fahimtarsu ta rabu.

Bazazzagi

Ni ta fuskar gini zan ƙara, domin ba duk fasaha ce ke magana da baki ba. Gidan Bahaushe na gargajiya ya isa babi guda.

Ki samu gidajen ƙasa 4 ko 5 a cikin birnin Zariya ko Kano ko Katsina, ko unguwar Birni ta Damagaram idan kina kusa da can. Ki zana taswirar kowanne da awo: zaure, filin da ke bayansa, shigifa, sannan cikin gida da turaka. Sai ki tsaya a bakin ƙofar zaure ki ja layi a takarda zuwa iyakar inda idonki ya kai. Za ki ga ƙofar shiga da ta fita ba sa kallon juna, an karkatar da su da gangan, baƙo na zaune a inuwa an kawo masa ruwa da abinci amma bai ga tsakar gida ba. Karamci da kunya ke nan a gini ɗaya, kuma layin nan da kika ja shi ne hujjarki. Ki tambayi masu gidan wa ke tsayawa a zaure, wa ke kaiwa shigifa, wa ke wucewa ciki, kuma daga wace shekara ake hana yaro namiji na maƙwabta shiga.

Ki duba kuma inda aka kashe dukiya. Azara ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta kai kusan mita 2 ba tare da tallafi ba, saboda haka ɗaki mai faɗi sai an yi masa bakan gizo ko ɗaurin guga, aikin da sai gwanin magini, mai kuma tsada. A gidaje da yawa wannan aiki a zaure ko soron baƙi za ki same shi, tare da zanen bango da zanko a saman ƙofa, ɗakin kwanan mai gida kuwa ba wani ado. Ƙololuwar wannan fasaha ita ce tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a ƙarni na 19.

Inda ake zamewa shi ne fassara zane. Ɗalibi zai ga dagi a bango ya rubuta cewa yana nufin haɗin kan Arewa. Wannan ma'ana ta siyasa ce da ta samu ƙarfi a zamanin gwamnatin Jihar Arewa, zanen kuwa ya girme ta, yana jikin riguna da fatu da bangaye tun kafin nan. Haka wasu bangayen Zariya na ƙarni na 20 suna ɗauke da hoton keke ko mota, domin mai gidan yana son a san ya samu, kuma wannan ma hali ne da ya cancanci a rubuta shi yadda yake. Kafin ki ba kowane zane ma'ana, ki tambayi mutum uku daban-daban: maginin ko ɗansa da ya gaje shi, mai gidan, da wani dattijon unguwa. Ki fara da sunan zanen, wa ya zaɓe shi, da abin da aka biya, sannan ki zo kan ma'ana. Idan magini ya ce miki ado ne kawai, haka ya koya a wurin ubangidansa, ki rubuta hakan da kalmominsa. Ki kuma ɗauki hotunan bango da safe ko da la'asar, lokacin da rana ke bugunsa a karkace, domin da tsakar rana tudun zanen ba ya fitowa.